Darasi na 9: Me Ke Sa Jakar Iskar Mota Ta Fito?

A wani garejin masu gyaran bodi da ke kan hanyar Zariya a Kano, na taɓa tarar da motoci biyu da aka jawo rana ɗaya. Ta farko ba ta da kyan gani. Taya ce ta fashe mata tana cikin gudu, ta saki hanya, ta wuntsila har sau uku. Rufinta ya lotsa, gilasai duk sun tarwatse, ƙofa ɗaya ma sai da aka sa ƙarfe aka ɓalle ta. Amma sitiyarinta na nan garau, ba abin da ya fito daga cikinsa. Ta biyu kuwa, in ba ka zagaya ta gabanta ba, ba za ka ce wani abu ya same ta ba. Mai ita ya kauce wa ɗan acaɓa ne ya gwabza wa kankaren gada, a gudun da bai taka kara ya karya ba. Bamba ta lanƙwashe, fitila ɗaya ta fashe. Sai ga jakunkunan iska biyu duk sun fito, suna reto kamar buhun da aka zazzage.

Mai motar farko sai faɗa yake yi. "Wallahi an cuce ni! Wanda ya sayar mini da motar nan ya zare mata jakar iska. In ba haka ba, a ce irin wannan hatsari ba ta fito ba?"

Maigidan garejin, wani dattijo da ya daɗe yana bugun ƙarfe, ya ajiye gudumarsa ya ce: "Alhaji, yi haƙuri. Abin nan ba shi da ido, bai san yadda motarka ta koma ba. Tsayawa yake ji. Taka ba ta tsaya ba, birgima ta yi ta yi. Waccan kuwa cak ta tsaya."

Dattijon nan bai je makarantar injiniyoyi ba, amma ya faɗi kan zancen. Abin da za mu yi a wannan darasi shi ne mu warware maganarsa dalla-dalla.

Da farko sai mu daidaita kan suna. Wasu kan ce jakar iska, wasu balan-balan, makanikai kuma eyabag. A jikin sitiyari da dashbod za ka ga an rubuta SRS. Haruffan nan uku taƙaitawa ce ta kalmomin Turanci masu nufin kariya ta ƙari, wato wadda aka ɗora a kan wata. Waccan ta asalin ita ce bel ɗin kujera. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Karo uku a cikin karo ɗaya

Duk wanda ya taɓa shiga bas ya san abin da ke faruwa in direba ya taka birki ba zato: fasinjoji su yi gaba, buta ta gangara daga bayan mota har ƙafar direba. Ba wanda ya tura su. Dama tare da motar suke gudu, ita aka tsayar, su ba a tsayar da su ba.

Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowane sakan. Cikin gari ba a ɗaukar wannan gudu a bakin komai. Amma wanda ya bugi bango a wannan gudu, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsawon mita 10, kamar daga saman bene mai hawa uku. In aka ninka gudun ya zama kilomita 100, ƙarfin bugun ba sau biyu yake ƙaruwa ba, sau huɗu ne, kamar faɗowa daga kusan mita 40.

Saboda haka masana kan ce kowane hatsari karo uku ne. Mota ta bugi abu. Sannan jikin mutum ya bugi cikin mota, sitiyari ko gilashi ko dashbod. Sannan kayan cikinsa su bugi ƙashin da ke kewaye da su, ƙwaƙwalwa ta bugi ƙoƙon kai, zuciya da huhu su bugi haƙarƙari. Na ukun nan shi ke kashe mutumin da aka ciro daga mota ko ƙwarzane babu a jikinsa.

Ɗauki ƙwai ka jefi bango da shi, zai fashe. Sa mutum biyu su riƙe zane sakwa-sakwa, ka jefa wani ƙwan cikin zanen da ƙarfi iri ɗaya, ba zai fashe ba. Gudun ƙwai biyun ɗaya ne, kuma duka sun tsaya. Bambancin shi ne bango ya tsayar da nasa nan take, zane kuwa ya bi nasa a hankali, ya ba shi lokaci. Duk wata dabarar kare rai a mota, a kan wannan ɗan lokaci take. Shi ya sa ma aka ƙera gaban motocin yanzu don ya murƙushe. Na sha jin direbobi na yabon motocin da, wai su ne ƙarfe, na yanzu gwangwani ne. To, ƙarfen da ya ƙi lanƙwasa, jikin fasinja yake miƙa wa bugun.

Kunnen da ke jin tsayawa

Tunanin sa matashi tsakanin mutum da sitiyari ya daɗe. A shekarar 1952 wani Ba'amurke mai suna John Hetrick ya fita yawo da matarsa da 'yarsu a jihar Pennsylvania, ya kauce wa wani abu a hanya, motar ta faɗa kwari. Shi da matar duka suka miƙa hannu don su tare yarinyar kada ta bugi dashbod. Kowane uba da kowace uwa sun san wannan miƙa hannu. Hetrick ya koma gida ya zana jakar da za ta yi aikin hannun, aka yi masa rajistar ƙirƙirar a 1953. A shekarar nan aka yi wa wani Bajamushe, Walter Linderer, rajistar irin tasa. Amma dabarunsu sun dogara ne da iskar da aka matse cikin tukunya, kuma ba ta cika jaka da saurin da ake buƙata. Ga kuma babbar matsala: ta yaya jakar za ta san an yi karo?

Wani injiniya Ba'amurke, Allen Breed, ya kawo amsa a ƙarshen shekarun 1960. Na'urarsa ba ta da wuyar ganewa. Ƙwallon ƙarfe ne ɗan ƙarami, kamar ƙwayar boris, cikin wani bututu. Mayen ƙarfe na riƙe da shi a ƙarshen bututun na baya. In aka taka birki, ƙwallon zai so ya yi gaba kamar butar nan ta cikin bas, amma mayen ƙarfe ya fi shi ƙarfi, ba zai sake shi ba. In kuwa mota ta tsaya cak da ƙarfin gaske, sai ƙwallon ya ƙwace, ya gangara gaba, ya haɗa bakin wayoyi biyu, wuta ta wuce.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, don suna zaton birki mai tsanani zai iya fitar da jakar. Ba zai iya ba. Motar da ke kilomita 100 a awa, in aka danne mata birki har ƙasa a kan kwalta mai kyau, sai ta ci wajen mita 40 da sakan uku ko fiye kafin ta tsaya. Wadda ta bugi bango kuwa cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan take tsayawa, a tazarar da ba ta kai mita ɗaya ba. Tsakanin biyun akwai rata mai nisa, kuma a cikin ratar nan aka ja layi.

Kamfanin General Motors ya gwada sayar da motoci masu jakar iska a shekarun 1970, ba su samu kasuwa ba. Mercedes-Benz ta fito da tata a 1981. Sai da dokar Amurka ta tilasta sa jaka biyu a gaban kowace ƙaramar mota sabuwa daga samfurin 1998 sannan abin ya zama gama-gari.

Daga shekarun 1990 aka fara barin ƙwallo da mayen ƙarfe. Na'urar yanzu, wadda makanikai ke kira sensa, ba ta kai girman farce ba. A cikinta akwai wani ɗan mitsitsin nauyi da ke rataye a kan zaruruwan da suka fi gashin kai siranta. In mota ta rage gudu ba zato, nauyin ya gusa, gusawar ta sauya yanayin wutar da ke bi ta wurin, a mayar da sauyin lamba. Irin wannan na'ura ce a cikin wayarka, ita ke sa hoto ya juya in ka kwantar da wayar. Babbar sensar motar tana cikin wata 'yar kwamfuta da aka ɗaure da noti a tsakiyar mota, galibi ƙarƙashin wurin giya. Akwai wasu a gaba kusa da lagireto, wasu a ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya. Wasu motocin har cikin ƙofa suke da na'urar da ke jin matsewar iska in ƙofar ta lotsa. Mahaɗan wayoyin wannan tsari yawanci ruwan ɗorawa ne, don mai gyara ya san ba wurin wasa ba ne.

Alƙalin da ba ya karɓar shaida ɗaya

Sensa ji kawai take yi. Kwamfutar ce ke yanke hukunci, kuma tambayoyinta ba su da yawa: da wane irin sauri motar ke rasa gudunta, nawa ta rasa zuwa yanzu, kuma daga wane ɓangare bugun ya zo.

Tambaya ta biyu ita ke raba rami da bango. In ka faɗa rami a kan hanya, motar kan girgiza sosai, amma girgizar ta ɗan lokaci ce, kuma kana fita kana kan gudunka. In bango ne, gudun zai yi ta zubewa ba ƙaƙƙautawa. Haka in yaro ya doki bamba da sanda, ko aka buga ƙofa da ƙarfi, motar ba ta rasa gudun komai ba. Bayan wannan kuma, kwamfutar ba ta yarda da bakin na'ura ɗaya. Akwai wata ta daban da aikinta kawai shi ne ta gaskata ko ta ƙaryata. Sai shaidu biyu sun haɗu sannan a saki wuta, don jakar da ta fito a fuskar direban da ke tafiyarsa lafiya, ita kanta hatsari ce.

To ina layin yake? Hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta Amurka, NHTSA, ta ce jakunkunan gaba kan fito ne a karon da ya yi daidai da bugun bangon da ba ya motsi a gudun kilomita 13 zuwa 23 a awa ko sama da haka. Lambar ta yi ƙasa sosai, mai keke ma yana yin wannan gudu. Amma a lura, bango aka ce. In motar da ke fake ka buga, mai girman taka, sai gudun ya kai ninki biyu, kamar kilomita 26 zuwa 45, don ita za ta lotsa ta kuma gusa, ta raba bugun da kai. Ke nan ba abin da allurar gudu ta nuna ake dubawa ba. Abin da ka buga, da yadda ya tsayar da kai, shi ne magana. Kankaren gadar nan bai gusa ko taƙi ba.

Sai kuma ɓangare. Jakar sitiyari da ta dashbod an yi su ne don bugun da ya zo ta gaba, ko ya ɗan karkata dama ko hagu da kamar digiri 30. In ta baya aka buge ka, jikinka cikin kujera yake nutsewa, jakar gaba ba ta da abin yi. In ta gefe ne, aikin jakar gefe ne da ke cikin kujera, da ta saman taga wadda ke saukowa kamar labule. In mota ta wuntsila, wannan labulen ne ke fitowa, in motar tana da shi kuma tana da na'urar jin karkata. Motar Alhajin nan tsohuwa ce, jaka biyu kacal gare ta, duka a gaba. Ba a cuce shi ba.

Akwai hatsari ɗaya da ya kamata duk mai bin manyan hanyoyinmu da dare ya sani. Tirela ta lalace, an bar ta a kan kwalta ba fitila, sai 'yan ganyaye da aka zuba a bayanta. Ƙaramar mota ta zo ta shige ƙarƙashinta. Bamba da ƙashin gaban motar sun wuce ta ƙasa ba su bugi komai ba, bonet da gilashi ne suka ɗauki bugun. Kwamfuta za ta ji tsayawar a makare, ko ta ji ta da laushi, jaka ta makara ko ta ƙi fitowa. Haka in mota ta kutsa cikin rairayi ko ciyayi, ko ta bugi tunkiya: gaban zai iya lalacewa, amma tsayawar ba ta kai layi ba. Akasin haka ma na faruwa. Mota ta daki bakin kwalbati ko gefen rami mai zurfi da ƙashinta na ƙasa, jiki lafiya lau, amma jaka ta fito.

Ƙarfen da wasu ke sa a walda musu a gaban mota don kare fitilu shi ma yana rikita lissafi. Kwamfutar an koya mata yadda gaban wannan mota ke murƙushewa ne, ba yadda ƙarfen mai walda ke yi ba.

Kafin ƙiftawar ido

A raba sakan ɗaya gida dubu, kowane gida sunansa milisakan. Ƙiftawar ido kan ɗauki milisakan 100 ko fiye. Daga lokacin da bamba ta taɓa bango, kwamfuta kan yanke hukunci cikin milisakan 15 zuwa 30. Cikar jakar kan ɗauki wasu 20 zuwa 30. Wato kafin direba ya san me ake ciki, an ji, an auna, an yanke, jaka ta cika tana jiransa. Jakar gefe ta fi haka gaggawa, milisakan 10 zuwa 20 ne gaba ɗaya, don tsakanin ƙofa da haƙarƙari bai wuce taƙi ɗaya ba.

Ba famfon da zai hura jaka da wannan sauri. Abin da ke faruwa ƙonewa ce. A tsakiyar sitiyari akwai wani gwangwanin ƙarfe mai ɗauke da ƙwayoyin sinadari. Wutar da kwamfuta ta saki tana zafafa wata siririyar waya, wayar ta kunna sinadarin, ya ƙone nan take ya zama iska, mafi yawanta naitirojin, wadda dama ita ce kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Da can sinadarin da ake kira sodiyam azaid ake sawa, amma guba ne kafin ya ƙone, don haka aka koma wasu. Jakar kanta yadin nailan ce da aka linke. Ta direba kan ci wajen lita 60, kamar jarka uku mai lita 20, ta fasinja kuwa ta fi haka girma nesa. Tana yaga murfin sitiyari ta wani layi da aka raunana da gangan, ta fito a gudun da kan kai kilomita 300 a awa.

Da ta cika sai ta fara sacewa ta wasu huduji da ke bayanta. Sacewar nan ita ce aikin. Jakar da ta cika tam ta ƙi sacewa bango ce, wadda ke sacewa a hankali kuwa ita ce zanen da ya tare ƙwai. Waɗanda abin ya taɓa faruwa da su kan ce sun ji ƙara kamar harbin bindiga, suka ga mota ta cika da hayaƙi, suka zaci gobara ce. Yawanci ƙurar sinadarin ce da hodar da ake barbaɗa wa jakar don kada ta manne. Tana iya sa tari da ƙaiƙayin ido. Jaka sau ɗaya take aiki, ba a mayar da ita. Kuma kwamfutar na ajiye 'yar wuta ta kanta ko da batir ya fashe a karon, shi ya sa mai gyaran da ya san aikinsa, in ya cire kan batir, yakan jira 'yan mintoci kafin ya taɓa wayoyin nan masu ruwan ɗorawa.

Inda jaka ke zaton kana zaune

Duk lissafin nan an gina shi ne a kan zato ɗaya: mutum na zaune daidai, bayansa a jingine, bel na riƙe da shi, zai iso ne bayan jaka ta gama cika. A motoci da yawa ma, kafin jaka ta fito akwai wani ɗan sinadari da ke ƙonewa a gindin bel ya ja shi ya ɗame mutum a kujera. Wanda bai ɗaura bel ba yakan riga jaka isa. Maimakon ya faɗa kan matashi, sai ya ci karo da abin da ke fitowa a gudun kilomita 300.

Ba a san wannan da arha ba. A Amurka, tsakanin 1990 da 2008, fiye da mutum 290 jakar iska ce ta kashe su a ƙananan hatsarori, mafi yawansu yara ne da waɗanda ba su ɗaura bel ba ko ba su ɗaura daidai ba. Daga 1998 aka rage ƙarfin fitowarta, daga baya aka sa na'urar auna nauyi a kujerar fasinja, wadda ke kashe jakar in kujerar ba kowa ko yaro ne a kai. A ɗaya gefen kuma, NHTSA ta ƙiyasta cewa jakunkunan gaba sun ceci rayuka fiye da 50,000 a ƙasar tsakanin 1987 da 2017.

Ƙa'idar ita ce a bar aƙalla santimita 25 tsakanin ƙirji da sitiyari, yaro ɗan shekara 12 zuwa ƙasa kuma ya zauna a baya. Yanzu sai mu dubi yadda muke yi. Uwa a gidan gaba da jariri a cinya, kansa daidai bakin dashbod. Fasinja biyu a kujerar mutum ɗaya a motar haya, ɗayan ya karkace yana dafe da dashbod. Matashi ya miƙe ƙafa a kan dashbod a doguwar tafiya. Kwalbar turare da akwatin tishu da waya a kan murfin jakar, waɗanda duk za su zama harsashi. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne direban da ke zagaya bel ta bayan kujera ya maƙala shi, don ƙarar gargaɗin bel ta daina damunsa. A motocin da ke lura da bel, in kwamfuta ta ga an maƙala, takan ɗaga layin fitar da jaka, don tana ganin bel zai wadatar a ƙaramin karo. Mutumin nan ya hana kansa bel, ya kuma yi wa alƙali ƙarya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel tun 2003, amma har yau akwai masu jawo shi in sun hango jami'ai, su sake shi da an wuce.

'Yar Kwatano da fitilar dashbod

Mafi yawan motocin da ke kan hanyoyinmu wani ya hau su a Turai ko Amurka kafin su iso, su ne ake kira 'yan Kwatano. Wannan ya sa labarin kamfanin Takata na Japan ya shafe mu. Kamfanin ya yi shekaru yana sa amoniyam naitiret a gwangwanin jakunkunansa, sinadarin da ake yin takin zamani da shi. In ya daɗe cikin zafi da laima sai ya lalace, ranar da aka kunna shi ya ƙone da ƙarfin da ya wuce kima, gwangwanin ya tarwatse, ɓaraguzan ƙarfe su yi kan fuska da wuyan direba. Fiye da mutum 20 ne suka mutu ta haka a Amurka kaɗai. An yi kiran dawo da jakunkuna kusan miliyan 67 a ƙasar don a sauya su kyauta, a motocin Honda da Toyota da Nissan da Ford da BMW da wasu da dama, kamfanin kuma ya karye a 2017. Motar da ta baro can ba a sauya mata ba, da gwangwaninta ta iso, kuma zafi da laima ba baƙi ba ne a nan. Kowace mota na da lamba mai haruffa da alƙaluma 17 a gindin gilashin gaba ta wajen direba. In motar daga Amurka ta fito, ana iya sa lambar a shafin intanet na NHTSA a ga ko tana cikin waɗanda ba a gyara ba.

Zargin Alhajin nan ma, ko da bai dace da motarsa ba, ba daga sama ya ɗauko shi ba. Ana shigo da motocin da suka yi hatsari a can, a gyara bodi, a yi fenti, a sa sabon murfin sitiyari a kan rami. Shaidar da mai saye ke da ita ita ce fitilar dashbod mai hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa, ko mai rubutun SRS. In ka murza makulli, dole ta kama na 'yan sakanni, kamar shida, sannan ta mutu. A lokacin nan kwamfuta na bin wayoyinta ɗaya bayan ɗaya tana gwadawa. In fitilar ta ƙi mutuwa, akwai matsala, kuma mai yiwuwa jakar ba za ta fito ba ranar buƙata. In ba ta kama ba sam, wataƙila wani ya cire ƙwanta ko ya toshe ta don kada ta tona asiri. In kuma hon ya daina aiki a lokacin da fitilar ta kama, galibi wata waya ce mai naɗi da ke cikin wuyan sitiyari ta tsinke, don ta cikinta wutar hon da ta jakar direba ke bi.

Aiki

1. A cikin aji, mutum biyu su riƙe zane, a gwada jifan ƙwai kamar yadda aka bayyana. Wane ɓangare na mota ne ke yin aikin zanen? A kawo aƙalla uku.

2. Wani direba yana kilomita 80 a awa ya bugi tunkiya, jaka ba ta fito ba. Wani yana kilomita 25 ya bugi ginin kankare, ta fito. Yi bayani da bakinka, kamar kana yi wa abokin aiki a tasha.

3. Mota na cin mita 14 a sakan ɗaya. Santimita nawa za ta ci a milisakan 30?

4. Kafin darasi na gaba, nemi izinin mai mota a unguwarku ko a tasha. Ƙirga wurare nawa aka rubuta SRS ko sunan jakar a cikin motar, har da gefen kujeru da saman taga. Sannan a murza makulli, ka ƙirga sakan nawa fitilar ta yi kafin ta mutu, ka rubuto abin da ka gani.